Babi na Bakwai: Zubin Tsufa ga Wanda Ba Ya Jiran Albashi

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani a Najeriya ba ya jin zafin kuɗin fansho, don kuɗin ba sa biyowa ta hannunsa. Tun kafin albashi ya faɗo an riga an yanke kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ɗora kashi 10 a kai, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. In dai uban gidan nasa na bin doka, wata na bin wata asusu na cika, shi kuwa sai dai ya ga saƙo a waya.

Tela a Fagge ba shi da wannan gata. Haka mai shayi a bakin tasha, da direban adaidaita sahu, da mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, da matar da ke tuyar ƙosai a ƙofar gida. Kowannensu shi ne ma'aikaci, shi ne kuma uban gidan kansa. Duk abin da za a zuba daga aljihunsa zai fito, da hannunsa zai miƙa shi, a ranar da ake jiran kuɗin cefane da na makarantar yara. Samunsa kuma ba ya bin kalanda. Tela kan kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi, bayan salla kuwa sai ya yi makonni yana zaman jiran wanda zai kawo gyaran wando. Manomin masara sau ɗaya yake ganin kuɗi masu kauri a shekara, da kaka. Shi kuwa tsarin fansho, tun da Bismarck ya kafa inshorar tsufa a Jamus a 1889 domin ma'aikata, an gina shi ne a kan mutumin da ake biya lada a kan ƙa'ida, a rana sananniya, daga hannun wani.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna cin abinci ne ba tare da takardar ɗaukar aiki ba. Ke nan wanda aka tsara fansho dominsa shi ne ɗan tsiraru.

Ba gaskiya ba ne a ce mutanen nan ba su iya tanadi ba. Duk wanda ya san kasuwa ya san adashi. Mace mai ƙaramin jari kan yi zubi kullum ba fashi, ta jira layinta wata da watanni, ta kwashe ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Makiyayi na tanadi a garke, ɗan kasuwa a fili da buhunan hatsi. Abin da ke gagarar su shi ne alƙawarin biyan adadi guda a rana guda, shekara da shekaru, ga wata hukuma da ba su taɓa ganin fuskarta ba. Don haka wanda zubi ya fara yi wa nauyi, abu na farko da ya kamata ya tantance shi ne irin tsarin da yake ciki: na ganin dama ne ko na tilas? Mafita ta sha bamban tsakanin biyun, kuma mutane da yawa na cutar da kansu saboda rikita su.

A Gana tsarin na ganin dama ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don dubban Hausawan zango a Nima da Madina da Kumasi suna cikin waɗanda aka buɗe wa ƙofarsa. Hukumar SSNIT, mai kula da fanshon ƙasa, ta ƙaddamar da gangamin shigar da masu sana'ar kansu a 2023. Ƙa'idar ba ta da wuyar fahimta. Mutum ya faɗi abin da yake samu a wata, ya riƙa biyan kashi 13.5 cikin 100 na wannan adadi, yana iya biya ta kuɗin waya ba sai ya taka ofis ba. Wanda ya ce yana samun sidi 1,000 zai biya 135. In ya tara watanni 180, wato shekara 15, ya kuma kai shekara 60 a duniya, za a riƙa biyansa fansho duk wata har ƙarshen ransa. Ana iya fara karɓa tun daga shekara 55, sai dai an rage.

A cikin wannan ƙa'ida akwai sauƙi guda uku da mai fama da ƙarancin kuɗi ya kamata ya sani. Na farko, watannin 180 ba sai sun zo a jere ba. Mai sayar da gwanjo da kasuwa ta juya wa baya ya yi wata huɗu bai biya ba, abin da ya tara a baya na nan, in ya farfaɗo sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Na biyu, tunda shi ne ke faɗin abin da yake samu, in samu ya ragu gaskiya ce ya faɗi hakan a rage masa zubi, muddin bai gangara ƙasa da mafi ƙanƙantar adadin da hukuma ta ƙayyade ba. Wanda ya sauko daga 1,000 zuwa 600 zai biya sidi 81, kuma watan ya shiga lissafi daidai da kowane wata. Ana ƙirga fansho ne bisa matsakaicin watanni 36 mafi tsoka a tarihin zubin mutum, saboda haka shekarar wahala ba ta rushe masa komai ba in dai an ƙirga watanninta. Na uku, wanda ya tsufa bai cika watanni 180 ba, kuɗinsa ba su nutse ba, za a ba shi su a dunƙule tare da abin da suka haifa.

Amma fashi na da farashinsa ko a nan. Fanshon naƙasa, wanda ake biyan mutumin da ciwo ko haɗari ya hana shi aiki har abada, yana da sharaɗin cewa ya biya aƙalla wata 12 cikin watanni 36 na baya. Direban tasi ko makanike da ya yi shekara uku bai zuba komai ba ya fita daga wannan kariya daidai lokacin da sana'arsa ta fi jefa shi cikin haɗari. Akwai kuma iyakar shekaru: wanda ya haura 45 ba a karɓarsa sabo a wannan tsari, don lokaci ba zai ishe shi ya cika shekara 15 ba. Shi ya sa ƙaramin zubi da ba ya yankewa ya fi babban zubin da aka yi wata shida aka watsar.

Kamaru ma ta buɗe irin wannan ƙofa tun 2014, inda hukumar CNPS ke karɓar masu sana'ar kansu a inshorar ganin dama, su ma bisa abin da suka bayyana suna samu.

Najeriya ta bi wata hanya dabam. A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ƙaramin fansho, ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom, domin masu sana'ar kansu da ma'aikatan wuraren da ba su kai mutum uku ba. A takarda, shirin ya fahimci rayuwar kasuwa sosai. Babu adadin da aka wajabta, babu ranar da aka tsayar. Mutum na iya zubawa kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, ko kuma ya jira kaka ya zuba gaba ɗaya. In ya yi fashi babu tara, babu bashi. A ƙa'idar 2019 an raba zubin gida biyu: kashi 60 a kulle har sai ya kai shekara 50 ko rashin lafiya ya ajiye shi, kashi 40 kuwa yana iya taɓawa bayan wata uku da fara zubi in buƙata ta taso. Wannan kashi na biyu shi ne amsar tambayar da kowane ɗan kasuwa ke fara yi: in jarina ya karye fa, ko matata ta zo haihuwa da matsala? A 2025 hukumar ta sake wa shirin suna ta kuma gyara wasu ƙa'idojinsa, amma ruhinsa bai sauya ba.

Duk da wannan sauƙi, jama'a ba su yi rububi ba. Bayan shekara biyar waɗanda suka yi rajista ba su kai 200,000 ba, a ƙasar da masu sana'ar kansu ke da yawan miliyoyi gommai, kuma mafi yawan asusun da aka buɗe babu ko kwabo a ciki. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Daga cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a kasuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Ɗan kasuwar Dawanau da ya ga buhun masara ya ninka kuɗinsa cikin shekara guda ba ya buƙatar malami ya gaya masa cewa naira a ajiye tana zagwanyewa. In ya zaɓi buhu a kan asusu, lissafi ya yi, kuma a wannan shekarar lissafinsa daidai ne.

Sai maganar amana. Mutane sun ga tsofaffin ma'aikata na layi a rana suna jiran haƙƙinsu, sun kuma ji shari'ar Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, wanda kotun tarayya a Abuja ta yanke wa ɗaurin shekara takwas a 2021. Adalci ne a faɗi cewa waccan ɓarna a tsohon tsari ta faru. A sabon tsarin da ya fara da dokar 2004, asusun da sunan mutum yake, kamfanin da ke juya kuɗin dabam, wanda ke riƙe da su dabam, kuma dukiyar da aka tara ta haura naira tiriliyan 20. Amma wannan bayani bai isa rumfar kasuwa da harshen da ake ji ba, laifin kuma na masu shirin ne, ba na mai rumfa ba. Akwai ma damuwa ta uku wadda ta fi ƙarfi a Arewa, ita ce tsoron riba. A 2021 PenCom ta fito da asusun da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, wanda ake zuba kuɗinsa a sukuk da makamantansu. Mai son zubi da ke da wannan damuwa haƙƙinsa ne ya tambayi kamfanin fansho a kan wannan zaɓi tun kafin ya sa hannu, ya kuma nemi a nuna masa a rubuce inda za a kai kuɗinsa.

A ƙasashen da zubi ya zama tilas, labarin ya fi zafi, domin can watan da ba a biya ba bashi ne, kuma bashin na haihuwa. A Faransa hukumar URSSAF ke karɓar kuɗin, wanda ya makara kuwa ana ɗora masa tarar kashi 5 cikin 100 tun daga farko, ƙari na biyo baya, daga ƙarshe magana ta kai ga kama asusun banki. Duk da tsaurin nan, ƙofofin sauƙi na nan ga wanda ya yi magana da wuri. Yana iya neman a raba masa bashin ya biya kaɗan-kaɗan. Tunda ana ƙiyasta zubin bana ne daga samun shekarun baya, wanda cinikinsa ya faɗi na iya sanar da sabon ƙiyasi a rage masa nan take. In ya biya uwar kuɗin yana iya roƙon a yafe masa tara. Akwai kuma asusun jin ƙai na masu sana'ar kansu da kan ɗauke wa wanda ya shiga tsanani wani ɓangare na zubin. Ga masu ƙaramar sana'a, tun 2009 an samar da tsari mai sauƙi inda ake biyan kaso na cinikin da aka yi a zahiri, kusan kashi 12 cikin 100 ga mai saye da sayarwa. Watan da ba a yi ciniki ba, ba a biyan komai, amma wajibi ne a cika takarda a rubuta sifiri.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke kama mutane. Mai bin bashi na hukuma kan yi haƙuri da wanda ya ce ba shi da shi, ba ya haƙuri da wanda ya yi shiru. Wanda ya daina buɗe wasiƙu don kunya ko tsoro, sai a ƙiyasta masa samu mai yawa a ɗora masa zubi a kai. Hakazalika wanda ya rufe shago ya koma gida bai sanar ba, lissafi na ci gaba da gudana da sunansa. 'Yan Nijar da sauran mutanenmu da ke neman abinci da sana'ar kansu a Turai ya kamata su riƙe wannan da kyau.

Maroko ta nuna abin da kan faru in aka wajabta zubi a kan jama'ar da samunsu ba shi da tabbas. A 2021 Sarki Muhammad na Shida ya ƙaddamar da shirin shigar da kowa cikin inshorar lafiya, aka yi wa manoma da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da direbobi rajista da yawa. Ba a daɗe ba bashi ya taru a kan ɗimbinsu, kuma wanda ake bi bashi ba ya cin moriyar inshorar. Mutum ya zama mai laifi a takarda, ga shi kuma yana biyan magani daga aljihu. A ƙarshen 2023 aka yi dokar da ta yafe tsofaffin basussukan da tararsu ga wanda ya dawo ya riƙa biya a kan kari har wata 12 a jere. Gwamnati ta gane cewa mutumin da ya dawo yana biya ya fi mata amfani a kan bashin da ba za a taɓa karɓowa ba.

In kuɗi ba za su isa komai ba, me za a fara biya? Ra'ayin marubucin nan shi ne inshorar lafiya ta riga fansho. Tsufa na ba da lokaci, ciwo ba ya bayarwa. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa suke fitowa, kuma tiyata guda ta isa ta cinye jarin da aka yi shekara goma ana tarawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu, ban da asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta kafa da kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Jihohi na da hukumominsu, irin ta taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano. Wanda ya kasa biya gaba ɗaya, ya dace ya je ya tambaya ko shi ko iyalinsa sun cancanci shiga rukunin da ake biya wa. A Gana, inda inshorar ƙasa ta fara tun 2003, yara 'yan ƙasa da shekara 18, da mata masu juna biyu, da tsofaffi daga shekara 70, da waɗanda aka tabbatar da talaucinsu, duk an ɗauke musu kuɗin shekara. Magidanta da yawa na barin katin iyali duka ya mutu saboda sun kasa biyan nasu, alhali rabin gidan ba a neman wannan kuɗi daga gare su.

Akwai hanya guda da ya kamata a guje ta ko da halin ƙaƙa, ita ce cin bashin manhajojin waya masu ruwa mai tsanani domin a biya zubi. Abin da asusun fansho zai haifar a shekara, irin wannan bashi na iya cinye shi cikin 'yan makonni.

Ƙungiyar sana'a kuwa na iya yin abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Direbobi na biyan kuɗin tikiti a tasha kowace safiya, mahauta da teloli da 'yan kasuwa duk suna da shugabanni da ma'aji da ranar taro. In aka haɗa ɗan zubi da abin da aka saba karɓa kullum, ba a jin nauyinsa. Da wannan tunani Kenya ta fara shirin Mbao a 2009 domin masu sana'ar hannu, da zubin shilin 20 a rana ta waya. Sharaɗin da ba a sassautawa a nan shi ne kuɗin su tafi kai tsaye asusun da ke ɗauke da sunan mai zubi, ya ga saƙon shigarsu a wayarsa, kada su kwana a hannun kowa.

Duk waɗannan dabaru ne na mai zubi. Amma akwai giɓin da dabara ba ta cike shi, wato kason uban gida, kashi 10 ɗin nan da ma'aikaci ke samu tela ba ya samu. Ƙasashen da suka yi nisa sun amince cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwanda ta fara shirin EjoHeza a ƙarshen 2018, inda gwamnati ke ɗora wa masu ƙaramin ƙarfi wani abu a kan abin da suka tara, ta haɗa musu da inshorar rai da kuɗin jana'iza, kuma miliyoyin mutane sun shiga. A Barazil, mai ƙaramar sana'a da ya yi rajista na biyan kashi 5 cikin 100 na mafi ƙanƙantar albashi ne kawai, ya samu fansho da kuɗin jinya da na haihuwa, baitulmali ya ɗauki sauran. Ko a can da yawa na makara, sai aka ba su damar raba bashin har gida 60.

Shirin Najeriya ya fi na ƙasashe da yawa sassauci wajen lokaci da adadi, amma an fara shi ne babu ko naira ɗaya ta ƙarfafa gwiwa daga gwamnati, babu kuma inshorar lafiya a haɗe da shi. Mai ƙosai da aka ce ta kulle kuɗinta shekara 20 tana da damar tambayar abin da za ta gani a bana. Da za a ce duk wanda ya zuba naira 20,000 a shekara za a ɗora masa wani kaso a kai, a kuma ba shi katin asibiti shi da yaransa, da wakilan kamfanonin fansho sun sami abin faɗa in sun shiga Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari, a maimakon takardun rajistar da ake cikawa don kunya a bar su babu zubi.